Zomon da Aka Ƙwace, da Ɓeran da Ya Gaje Shi

Jama'a, karatunmu na yau a kan majigin zane ne. Wannan majigi ba mutum a cikinsa, sai zane. Mu ga ɓera yana rawa, agwagwa tana faɗa. Shin zane yana motsi? A'a. Mai zane yakan zana hoto, ya sake wani mai ɗan bambanci, ya sake wani. Injin majigi ya nuna hoto 24 cikin sakan guda. Idonmu ba ya iya rabe su, sai mu ga kamar motsi.

Gidan da ya fi suna a wannan sana'a yana Amurka, sunansa Disney. Wa da ƙane suka kafa shi a birnin Los Angeles cikin 1923. Wan, Roy, shi ke riƙe da kuɗi. Ƙanen, Walt, shi ke shirya labari.

Cikin 1927 suka fito da wani zomo, Oswald. Ya karɓu ƙwarai. Da shekara ta kewayo Walt ya tafi New York wurin dillalinsa, Charles Mintz, neman ƙarin kuɗi. Mintz ya ce ragi ma zai yi. Ashe ya riga ya janye yawancin masu zanen Walt a ɓoye. Zomon kuwa, bisa takardar yarjejeniya, na kamfanin Universal ne. Su Walt suka yi wahala, amma takarda ta ce ba nasu ba ne. Ya koma gida hannu rabbana.

Abokinsa Ub Iwerks bai gudu ba. Tare suka ƙago ɓera mai manyan kunnuwa, Mickey Mouse. A watan Nuwamba 1928 aka nuna shi cikin Steamboat Willie, yana fito da baki, sauti na tafiya daidai da motsi. Masu kallo suka yi mamaki. Wannan karon ɓeran nasu ne, ba mai ƙwace shi.

Daga nan sai Snow White cikin 1937, majigin zane na fiye da awa guda. Ya ci kusan dala miliyan ɗaya da rabi, har Walt ya jinginar da gidansa. Mutane suka ce wauta ce. Da ya fito, riba ta ninka.

Walt ya rasu cikin 1966. Zomon fa? Sai 2006 gidan Disney ya karɓo shi, shekara 40 bayan rasuwar Walt.