Yadda Ake Rubuta Bayanin Mai Ɗauke da Gutsuren Yuraniyom a Jiki

A yaƙin Tekun Fasha na 1991, wasu tankoki da motocin sulke na Amurka sun sha wuta daga 'yan uwansu bisa kuskure. Harsasan da suka same su an ƙera su ne da ragowar yuraniyom, wato abin da ke saura bayan an tace yuraniyom an kwashe mafi yawan ɓangaren da ake nema don makamashin nukiliya. Ƙarfe ne da ya fi dalma nauyi kusan sau 1.7, shi ya sa yake huda sulke. Wasu daga cikin sojojin da suka tsira sun koma gida da ƙananan gutsattsari a cikin tsoka, waɗanda fiɗa ba ta iya tsince su duka ba tare da ta yi wa jiki ɓarna ba. Tun 1993 asibitin tsofaffin sojoji na birnin Baltimore yake bin lafiyarsu. Wannan bibiya kuwa ba ta yiwuwa sai da rubutu mai kyau, domin likitan da zai ga mutum bayan shekara ashirin fayil zai fara buɗewa. Ga yadda ake aikin.

Mataki na farko shi ne jin tarihi daga bakin mara lafiya. Likita yana rubuta inda aka ji raunin, da shekarar, da irin motar da mutumin ke ciki, da ko an taɓa yi masa aiki an cire wani abu. Idan an cire, sai a tambayi ko an kai gutsuren ɗakin gwaji, kuma me aka samu.

Mataki na biyu, hoto. Hoton ƙashi yana nuna gutsattsarin farare tas a cikin nama. Ana rubuta gaɓar da suke, dama ko hagu, da yawansu, da girman mafi girma, da kusancinsu da jijiya ko ƙashi. Sai dai hoto ba ya faɗin irin ƙarfen. Gutsuren yuraniyom da na baƙin ƙarfe duk kama ɗaya suke yi a ido.

Mataki na uku shi ne gwajin fitsari, kuma nan ne zuciyar aikin. Akan ba mutum gora ya tara fitsarinsa na awa 24, a auna yawan yuraniyom da ke ciki. Kowa yana da ɗan yuraniyom a jiki daga ruwa da abinci, don haka ganinsa kaɗai ba hujja ba ne. Abin da ake dubawa shi ne nau'insa. Yuraniyom na cikin ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, yana da nau'in U-235 kimanin kashi 0.7 cikin 100, ragowar da aka tace kuwa kimanin 0.2 kawai. Gutsuren da ke cikin tsoka yana narkewa a hankali, yana shiga jini, ƙoda tana fitar da shi, shi ya sa masu ɗauke da shi suke nuna yuraniyom mai yawa a fitsari shekaru da dama bayan yaƙin. A daidai wannan lokaci ake auna aikin ƙoda, domin ita ce gaɓar da gubar wannan ƙarfe ta fi nema.

Mataki na huɗu, likita ya rubuta hukuncinsa da kalmomi bayyanannu: akwai gutsure, yana nan har yanzu, na ragowar yuraniyom ne, ga hujjar. Ma'aikacin da ke sanya lambobin cututtuka ba shi da ikon karanta sakamakon gwaji ya yanke hukunci da kansa. Idan rubutun ya yi duhu, wajibinsa ya koma wurin likita ya tambaya.

Mataki na biyar shi ne zaɓen lamba. Tun 1 ga Oktoba 2015 Amurka take aiki da kundin ICD-10-CM, kuma a cikinsa rukunin Z18 ne na gutsattsarin da suka zauna a jiki. Lambar ragowar yuraniyom ita ce Z18.01, a tsohon kundi V90.01 ce. Tana da maƙwabta da ake yawan rikita su da ita. Z18.09 ta sauran gutsattsari ce masu fitar da tururin nukiliya. Z18.10 ta gutsuren ƙarfe ce da ba a tantance irinsa ba, ita ake sawa kafin gwaji ya tabbatar. Wanda ya shaƙi ƙurar yuraniyom amma babu gutsure a jikinsa, tasa Z77.012 ce, kuma ba a haɗa ta da Z18.01. Wanda aka cire masa duka kuwa, ya koma Z87.821.

Mataki na shida, jera lambobin. Z18.01 tana bayyana halin da jiki ke ciki ne, don haka takan biyo bayan lambar abin da ya kawo mutum asibiti, ko raunin ne, ko ciwon da ya bari. Idan tsohon rauni ne, lambarsa tana ƙarewa da harafin S, alamar cewa illar baya ake magani. Sannan a ƙara lamba daga rukunin Y36, wanda ke nuna a fagen yaƙi abin ya faru.

Mataki na ƙarshe shi ne sa bayanin a jerin matsalolin dindindin da ke gaban fayil, tare da ranar gwaji na gaba. A 2008 an buɗe cibiya ta musamman a Baltimore don bin duk tsofaffin sojojin da ke da gutsure a jiki, ko wane irin ƙarfe ne. Mutumin da aka sa wa lambar da ba tasa ba yana iya ɓacewa daga irin wannan bibiya, ƙodarsa ta shekara ba mai dubawa. Wanda aka ɗora wa Z18.01 ba hujja kuwa an ɗora masa fargabar da ba ta da tushe. Saboda haka duk lokacin da aka sake hoto, ko aka cire wani gutsure, sai a koma kan lambar a gyara ta ta dace da abin da ke jikin mutumin a ranar.