Kafin Ka Je Lamu, Koyi Lissafin Ruwa

Wani mai karatu ya rubuto mini cewa yana da niyyar kai iyalinsa Maulidin Lamu a ƙasar Kenya, ya kuma tsara komai cikin kwana uku: ranar sauka, ranar zagaya tsibirai, ranar komawa. Yana tambaya ko da abin da ya manta.

Malam, niyyarka kyakkyawa ce, kuma ka zaɓi wurin da ya cancanci wahalar tafiya. Amma akwai abin da ka manta, shi ne ruwa. Mu da muka tashi a tudu mun san kogi yana cika da damina ya ƙafe da rani. Teku kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa a kowane yini da dare, tsakanin cika da janyewa kusan awa shida. Lokacin ma ba a tsaye yake ba, kullum yana jinkirta da kimanin minti 50. Inda jirgi ya ɗauke ka da hantsi, kana iya dawowa da azahar ka tarar da taɓo.

Wata ne ke jan wannan ruwa, don haka lissafinsa ba zai yi maka wuya ba tunda ka saba duba kwanan wata. Cika mafi girma tana zuwa ne a tsayuwar sabon wata da kuma ranakun sha huɗu da sha biyar. Wajen bakwai da wajen ashirin da biyu ruwan ba ya hawa sosai. Maulidin Lamu kuwa a makon ƙarshe na Rabi'ul Awwal ake yin sa, ke nan za ka sauka ne ruwa yana da rauni, sai wajen ƙarshen mako ya fara ƙarfi.

Ga inda wannan ya shafe ka. A tsibirin Manda, wanda ke fuskantar Lamu, akwai kufan wani gari mai suna Takwa, da masallacinsa mai dogon ginshiƙi a saman bangon alƙibla. Hanyar zuwa can wata siririyar mashiga ce tsakanin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda Sawahilawa ke kira mikoko, kuma jirgi ba ya ratsa ta sai ruwa ya cika. Zuwana na farko na matsa wa mai jirgi mu tashi a lokacin da ni na ga dama. Ya faɗa mini gaskiya, ban ji ba. Muka je tsakiyar mashiga gindin jirgi ya zauna a laka. Awa uku muna nan, rana a ka, ƙananan ƙaguwa suna fitowa daga ramukansu suna yawo a gefenmu. Shi dai ya rufe fuska da hula ya jingina, don ya san babu abin yi sai jira. Tun daga ranar, tambayar da nake fara yi wa kowane matuƙi ita ce yaushe ruwa zai cika gobe, sannan in gina sauran yinin a kan amsarsa. Kai ma haka za ka yi, kuma ka ajiye Takwa zuwa ƙarshen zamanka.

Akwai wani lissafin kuma da ke rikita baƙi. A Sawahili ana fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana. Ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, wato sa'a ta ɗaya. Ƙarfe takwas saa mbili. Idan mai jirgi ya ce ku haɗu saa mbili, kada ka zauna jiran ƙarfe biyu na rana. Nuna masa agogon wayarka ku daidaita, ko ku yi alkawari da lokutan salla, wanda duk ku biyu kun fahimta. Ka kuma tuna agogon Kenya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Batun isa can, shawarata ka bi jirgin sama daga Nairobi ko Mombasa ko Malindi. Hanyar mota tana bi ta Garsen da Witu zuwa Mokowe, yankin da ya sha fama da rashin tsaro, har da harin Mpeketoni na watan Yunin 2014. Filin jirgin yana Manda ne, daga nan kwale-kwale zai tsallakar da ku cikin 'yan mintuna. Ka nemi rigar kariya daga nutsewa ga kowa, musamman yara, kada kunya ta hana ka. Jirgin da ya cika maƙil ka bar shi ya tafi, wani na zuwa. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo. Daga Afrilu zuwa Yuni ruwan sama ne mai yawa, iskar da Sawahilawa ke kira kusi kuma tana tayar da igiyar ruwa har wajen Satumba; daga Disamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi ce, teku ya fi lafawa. Tunda Maulidi yana zagayawa da watannin Musulunci, duba wace iska za ka tarar a shekarar da za ka je.

Garin kansa zai yi maka kama da gida. Lungunan tsohon gari sun fi na cikin birnin Kano matsi, mota ba ta shiga, jakuna ne ke dakon yashi da siminti da kayan miya a mangala. Har asibitin jakuna akwai a bakin ruwa tun 1987. Gidajen na dutsen murjani ne, ƙofofin katako masu sassaƙa, a bakin kowace ƙofa ɗan zaure da dakali inda maigida ke karɓar baƙi maza. A 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Sai dai kada wannan suna ya sa ka ɗauka gidan kallo ka shiga. Mutane ne ke zaune a ciki da matansu da 'ya'yansu. A bakin ƙofa ana cewa hodi, a jira a ji karibu. Dattijo ana gaishe shi da shikamoo, ya amsa marahaba, amma sallama ta wadatar a ko'ina. Hoton mata kuwa, abin da ba za ka yarda baƙo ya yi a ƙofar gidanka ba, kada yaranka su yi shi da waya a can.

Cibiyar Maulidin ita ce masallacin Riyadha, wanda Habib Saleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoros, ya kafa. Mutanen garin Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana Bisimilla, ana kuma yin alƙunutun asuba bayan ruku'u. Bi limaminka kawai. Masauki yana ƙarewa da wuri a wannan mako, ka kama tun da sauran watanni, kuma in da hali a gidan baƙi na 'yan gari, don kuɗinka ya zauna a hannunsu.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan sha. Tsibirin ba shi da kogi. Ruwan daɗin da garin ke sha yana kwance ne ƙarƙashin jigayin yashi na Shela, ƙauyen da ke kimanin kilomita 3 daga gari. Ruwan sama ne yashin ke tarawa, yana yawo a saman ruwan gishiri. Idan aka ja fiye da kima, gishirin ya taso, rijiya ta koma zartsi. Zartsin rijiyoyi yana cikin abin da ya tashi mutanen Takwa kimanin shekara 300 da suka wuce, suka koma Shela. In ka tsaya a kufan nan ka leƙa tsohuwar rijiya, za ka gane dalilin da nake roƙon baƙi su yi wanka da bokiti ɗaya, su yi alwala da buta, su bar famfo a rufe. Robobin ruwan da kuka shanye ma ku tattara su, domin shara a tsibiri ba ta da wajen gari da za a kai ta.

Kwana ukun nan ka mayar da su biyar, ka bar guda ɗaya babu komai a cikinsa, saboda ranar da iska za ta hana fita. Ka canji shilin na Kenya tun a Nairobi, ƙananan takardu, na masu jirgi da masu dako. Ranar komawa kuma kada ka sa wata ziyara da safe. Tun ana gobe da daddare ka yi magana da matuƙin da zai tsallakar da ku Manda, ku tsayar da lokaci da agogo a hannu, ku kasance a bakin ruwa da kayanku awa biyu kafin tashin jirgi.