Darasi: Haske A Ɗakin Kwana

Ɗakuna da yawa a ƙauyukanmu ba su da taga. Da safe uwa tana lalube cikin duhu, da dare kuma yara suna karatu da aci-balbal, hayaƙi yana cin idonsu, yana sa su tari. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Da safe: Mu fasa taga a bangon gabas domin hantsi ya shigo. Mu sa mata waya saboda sauro, da murfi saboda iskar hunturu. Mu shafe bango da farar ƙasa, gama farin bango yana ƙara haske, baƙi kuwa shanye shi yake yi.

Da dare: Mu rataye fitila nesa da gidan sauro da jinka. Fitilar ƙwai ta fi aci-balbal, amma a goge ƙwan, a datse lagwani. Kada a zuba kananzir tana ci, kada kuma a yi barci a bar ta. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi duka, ba hayaƙi, ba gobara.

Mu karanta Matiyu 5:15.

Tambaya: A ina muke ajiye fitila a gidajenmu?