Gyaran Shingen Da Ya Yi Duhu A Ƙofar Gida

A birni da ƙauye akan ga gida da shingen lalle, ko cini-da-zugu, ko aguwa a ƙofarsa. Da fari an dasa su ne don kyaun gani da tsare awaki. Amma in suka shekara uku ko huɗu ba a sa musu wuƙa ba, sai su fi mutum tsawo, sama ta cunkushe, ƙasa kuwa ta zama ƙirare, akuya ta kutsa ta wuce abinta. Lalle in an ƙyale shi yakan kai ƙafa 15, tsofaffin rassansa su yi tsini kamar ƙaya, ganye ya ragu.

Irin wannan duhuwa maɓoyar maciji ce, domin ɓera da kwaɗi can suke taruwa, shi kuwa abincinsa yake bi. Kububuwa, wadda ta cika asibitin Kaltungo da masu jiyya, ba ta wuce kamu guda da kaɗan ba, launinta kuma na busasshen ganye ne, yaro ba ya ganinta sai ya taka. Sauro ma can yake wuni. Ba a cikin ganye yake haihuwa ba, yadda wasu ke zato. A cikin gwangwani ne da fasasshiyar tukunya da aka jefa gindin shingen. Ruwa ya kwana 7 zuwa 10 a ciki, ƙwai ya zama sauro.

Waɗansu masu gida sukan sa wuta, waɗansu su tumɓuke duka. Wuta kusa da zana da jinka ganganci ne. Tumɓukewa kuwa hasara ce, gama saiwar da ta shekara biyar a ƙasa ta fi sabon dashe ƙarfi nesa. Aske kan shingen kaɗai shi ma aikin banza ne, sabon toho a sama zai fito, ƙasa tana nan fayau.

Abin da ya kamata shi ne a sare shi ƙasa ƙasa, sau ɗaya, da bazara, watau cikin Afrilu ko farkon Mayu, ana saura kaɗan ruwa ya sauka. In an sare da hunturu, kututturen zai daɗe a bushe, gara ta samu ƙofa. Kafin a fara a sa takalmi, a bubbuga duhuwar da doguwar sanda. Sa'an nan a fid da matattun rassa daga gindi, sauran a rage su su koma ƙafa ɗaya da rabi. Adda ta zama mai kaifi, sara kuma a karkace daga ƙasa zuwa sama, don kada itacen ya tsage, ruwa kuma kada ya kwanta a bakin saran. Reshen da ya kai kaurin hannu, zarto ya fi. Mai tsoron gidansa ya zauna tsirara yana iya cire kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin rassa kowace shekara, a shekara ta uku an sabunta duka.

Aguwa da cini-da-zugu suna da ruwa mai cutar ido, saboda haka kada mai sara ya murza ido sai ya wanke hannu da sabulu. 'Ya'yan cini-da-zugu kuma guba ne, a kwashe su kafin yara su tsinta.

Bayan sara a share gindin, a zuba taki, a kewaye da ƙaya har toho ya yi ƙwari. In ya kai ƙugu sai a riƙa datsa shi sau biyu cikin damina, gindi ya fi kai faɗi, don rana ta samu rassan ƙasa.

Mai lalle shi ya fi kowa riba a nan, domin ganyen sabon toho ya fi na tsohon reshe kamu. A shanya shi a inuwa ya bushe da korensa, gama wanda rana ta ƙona ba ya daraja a kasuwa. Rassan da aka datsa da damina masu kaurin yatsa, a yanka su ƙafa ɗaya ɗaya, a kafa rabinsu cikin ƙasa inda shingen ya yi giɓi.