OpenSSL ta ƙi harhaɗuwa? Nemi kuskuren farko

Wani ɗalibi ya turo mini hoton allon kwamfutarsa da tsakar dare. Layin ƙarshe yana cewa make: *** Error 2, shi kuma ya rubuta a ƙasa: "Malam, kwana biyu ke nan ina fama da wannan layin." Ɗan'uwa, ba a wannan layin gizo ke saƙa ba. Shi sanarwa ce kawai cewa aiki ya tsaya. Inda aka yi tuntuɓen yana can sama.

OpenSSL ita ce laburaren da ɗimbin shafukan intanet ke dogaro da shi wajen ɓoye bayanai. Harhaɗa ta daga tushe mataki huɗu ne: ./Configure, sai make, sai make test, sannan make install. Kowane mataki da irin ciwonsa, don haka fara gano wanda ya tsaya.

Tun kafin na farko, duba fayil ɗin da ka sauke. Idan netiwok ya yanke ana cikin saukewa, fayil ɗin zai zo guntu. Kwatanta lambarsa ta SHA256 da wadda masu OpenSSL suka wallafa, ta hanyar umarnin sha256sum. Ko harafi ɗaya ya bambanta, goge ka sake saukewa.

Idan a Configure ka maƙale, yawanci Perl ne, domin da shi aka rubuta wannan matakin. Tun fitowar OpenSSL 3.0 a Satumban 2021, masu amfani da CentOS da Fedora da danginsu suke yawan cin karo da Can't locate IPC/Cmd.pm. Maganinsa ka girka perl-IPC-Cmd. Idan FindBin.pm aka ambata, ka girka wannan ɓangaren na Perl shi ma. A Ubuntu da Debian, build-essential zai kawo maka gcc da make lokaci guda.

Idan a make ne, sake gudanar da shi ba tare da -j ba. Wannan zaɓin yana raba aiki gida-gida don sauri, sai saƙonni su cakuɗe, kuskuren gaskiya ya nutse a tsakiya. Da ka cire shi, aikin zai tsaya daidai inda matsalar take. Ganin zlib.h: No such file or directory na nufin ka nemi a haɗa da zlib alhali babu fayilolinta na masu gina manhaja: zlib1g-dev a Ubuntu, zlib-devel a CentOS. Ganin kalmar Killed kuwa alama ce RAM ta ƙare, abin da ya zama ruwan dare a ƙananan sabobin haya, sai ka ƙara swap. Duk lokacin da ka sauya zaɓuɓɓukan Configure, yi make clean tukuna, kada ragowar aikin jiya ya gurɓata na yau.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka. Idan make test ya gaza, za ka sami mai ce maka ka tsallake shi, ko ka goge layin da ke kawo ƙorafi. Kada ka yarda. A 2006 an cire wasu layuka daga OpenSSL ta Debian don a kashe gargaɗin da manhajar Valgrind ke bayarwa. Komai ya harhaɗu lafiya lau, ba wanda ya ga wata alama. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa gyaran ya gurgunta hanyar samar da lambobin da ba a iya hasashensu. Mabuɗan sirrin da ya kamata su gagari lissafi sun koma kusan dubu 32 na kowane iri, waɗanda ɓarawo zai iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka sake mabuɗan SSH da takardun shaidar shafuka a faɗin duniya. Garin neman gira aka rasa ido. Wata manhajar idan ta lalace tsayawa take yi, kowa ya gani. Ta ɓoye bayanai ci gaba take da aiki alhali ƙofa na buɗe. Saboda haka gudanar da gwajin da asusunka na yau da kullum, ba da root ba, ka karanta sunan gwajin da ya gaza, ka bi diddiginsa.

Saura girkawa. Kada ka ɗora sabuwar a kan wadda ta zo da tsarin kwamfutarka, domin curl da Python da sauran manhajoji masu yawa a kanta suka jingina. Taɓa ta na iya rufe maka ƙofar sabarka kana waje. Ware mata wurinta da --prefix=/opt/openssl. Idan bayan haka ka ga libssl.so.3: cannot open shared object file, tsarin ne bai san inda ka ajiye ta ba. Duba foldar lib64, nan OpenSSL 3 ke zuba laburarenta a yawancin kwamfutocin Linux masu 64-bit. Mafi aminci ka sanya -Wl,-rpath,/opt/openssl/lib64 tun a Configure. Daga nan umarnin ldd zai nuna maka wane laburare manhajarka ke kira da gaske, openssl version -a kuma ya faɗi sigarta.

Ka kuma tambayi kanka ko harhaɗawar ta zama dole. Ubuntu 22.04 da OpenSSL 3.0 take zuwa, kuma ana turo mata gyaran tsaro a kai a kai. Wadda ka gina da hannunka, kai ne mai gadinta: duk ranar da aka gano ɓaraka, sai ka sake ginawa. Sigar 1.1.1 kuwa an daina ba ta gyara kyauta tun Satumban 2023, kada ka soma sabon aiki a kanta.

Lambobin sirri da saƙonnin mutane za su bi ta cikin abin da kake ginawa, kuma amana ce suka ba ka. Idan za ka sake turo mini hoto, ka haura sama ka ɗauko layin farko da ya ce error. Daga nan za mu fara.