Lokacin Shan Maganin Rage Kitsen Jini

Idan likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko a wani asibiti, ya rubuta maka maganin rage kitsen jini, ya ce ka riƙa sha da dare, to, akwai dalili.

Mene Ne Kitsen Jini?

Kitsen nan, wanda likitoci ke kira kolestarol, akasarinsa hanta ce ke yin sa. In ya yi yawa sai ya lalace a cikin jijiyoyin jini, kamar yadda ƙarfe ke tsatsa, ya liƙe a jikinsu har hanyar jini ta ƙuntata. Ƙarshen wannan shi ne ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Aikin Maganin

Magungunan da ake kira statin, waɗanda Akira Endo na ƙasar Japan ya gano na farkonsu a 1973, suna rage wa hanta yin wannan kitse. Bincike kuma ya nuna suna taimakawa wajen rage tsatsar nan da kumburin jijiyoyi.

Don Me Da Dare?

Hanta ta fi yin kitse da dare, lokacin da mutum ke barci. Simvastatin ba ya daɗewa a cikin jini, cikin kamar awa 2 rabinsa ya fita. Saboda haka in an sha shi da safe, kafin hanta ta kama aiki gadan-gadan ƙarfinsa ya ragu. Amma atorvastatin da rosuvastatin sukan daɗe, rabinsu ba ya fita sai bayan kamar awa 14 da awa 19. Su ana iya shan su kowane lokaci.

Abin Da Za Ka Kiyaye

1. Ka tambayi likita ko mai ba da magani irin wanda aka ba ka.
2. Ka tsai da lokaci guda kullum, misali bayan sallar isha'i. Wannan ya dace har da watan azumi.
3. In ka manta, kada ka haɗa biyu washegari.
4. In ka ji ciwon tsoka mai tsanani, ko fitsari ya yi duhu, ka hanzarta komawa asibiti.
5. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta sanar da likita tukuna.

Yawan kitsen jini ba ya nuna alama. Kada jin sauƙi ya sa ka daina shan magani ba da iznin likita ba. Lafiya uwar jiki.