Ta'assubancin Jam'iyya A Mahangar Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata cuta wadda takan tashi duk lokacin da guguwar zaɓe ta kaɗa, watau ta'assubanci.

Da farko mu duba kalmomin. Jam'iyya Larabci ce, asalinta daga tarawa da haɗawa. Siyasa kuwa a wurin Larabawa ita ce kiwo da kulawa, har mai kula da doki sukan ce masa sa'is. Iyayenmu ma idan suka ce a bi mutum da siyasa, lallashi suke nufi. To, yaya aka yi kalmar haɗawa ta zama sanadin rabuwa?

A yaƙin Banu Musɗaliƙ wani Bamuhajire ya yi saɓani da wani na ɓangaren Ansaru a bakin ruwa, sai kowannensu ya ɗaga murya yana kiran mutanensa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kira wannan kira na Jahiliyya, ya umurta a bar shi domin abu ne mai wari. Ku lura fa, Muhajirai da Ansaru sunaye ne waɗanda Allah da kansa ya yaba a Suratu Tauba, aya ta 100. Ashe ke nan laifin ba a sunan yake ba. Laifin shi ne mutum ya tashi ya taimaki nasa tun bai tambayi wanda ke da gaskiya ba. Saboda haka a fahimtata shiga jam'iyya da jefa mata ƙuri'a ba laifi ba ne, amma kare ƙaryarta da zaluncinta haramun ne.

A 1979 ƙasarmu ta bar tsarin Ingila ta ɗauki na Amurka, mai shugaban ƙasa da gwamnoni masu cikakken iko. Shugabansu na farko, George Washington, tun 1796 ya gargaɗe su a kan sharrin ƙungiyanci, amma gargaɗin bai hana ba. A ran 6 ga Janairu 2021 magoya bayan Donald Trump suka kutsa cikin ginin majalisar ƙasar don ba su yarda da sakamakon zaɓe ba. Wanda yake tsammanin ilmin boko da dukiya su ne maganin wannan cuta, sai ya sake tunani.

Mu ma ba baƙinta ba ne. Dattawa suna tuna zamanin NEPU da NPC, lokacin da aure yakan mutu saboda jam'iyya. A 1979, sa'ad da ƙasar Katsina take cikin Jihar Kaduna, Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, NPN kuwa ta rinjaya a majalisa. Majalisa ta ƙi amince masa da kwamishinoni, har ta tsige shi a watan Yuni 1981. Ita kanta PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Manyan da aka yi wannan rigima dominsu galibi sun riga mu gidan gaskiya, jam'iyyun kuma soja suka rushe su bayan juyin mulkin ƙarshen 1983. Amma zumuncin da aka yanke a ƙauyuka, wa ya ɗinke shi?

A nan Ruwan Godiya da maƙwabtanmu na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, mun fi kowa bukatar wannan darasi. Da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, ba su tambayi jam'iyyar uban kowa ba. Maƙwabcin da ka ƙaurace wa saboda fosta, shi ne zai fara jin ihunka da tsakar dare, ba ɗan takara ba.

Hukunci a nan a fili yake. Suratu Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci gare su. Suratu Hujurati kuma ta wajabta bincike kafin a karɓi labari, ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi da giba, kuma ba ta keɓe lokacin zaɓe ba. Labarin da ya iso wayarka a kan abokin hamayya, in ka tura shi ba tare da tabbaci ba, kana da kamasho cikin zunubinsa. Ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi fiye da kwana uku a kan abin duniya bai halatta ba. Wanda duk ya san akwai gidan da ya daina shiga tun zaɓen 2023, to, ya je ya yi sallama kafin Juma'a mai zuwa. Allah ne Mafi sani.